Kira Uku Kafin Itace Ya Kwanta

A wajenmu ba a kayar da itace shiru. In ka gama yanka, saura ɗan abin da ke riƙe da shi, sai ka kashe inji, ka juya bakinka inda zai faɗi, ka yi kira sau uku iya ƙarfinka: "Gangare, hannun dama, itace zai kwanta!" Ko kana ganin kai kaɗai ne a dajin, sai ka yi. Mahaifinmu ya koya mini wannan tun kafin ya yarda in taɓa gatari. Ranar da na manta, ina ɗan shekara goma sha shida, da hularsa ya bi ni da duka har bakin rafi. Shekara talatin ina sana'ar nan ban sake mantawa ba. Ranar da Iwao ya mutu ma ba mantuwa na yi ba, shi ya sa labarin yake da wuyar faɗa.

Sunana Tokuji. Iwao mijin yayata Yasuno ne, kuma tare muke aiki a gangaren Kozuru, inda itatuwan sugi suka haura shekara ɗari biyu. Shi da Yaya Kiristoci ne, cikin mutum goma sha ɗaya da ke taruwa ran Lahadi a wani ɗan coci da ke saman shagon gyaran keke a garin da ke ƙasanmu. Mahaifiyarmu ce ta kawo addinin gidanmu, ni ma an yi mini baftisma ina ƙarami. Sai dai na tafi birnin Fukuoka na yi shekara shida, na dawo da akwatin littattafai da zaƙin baki.

Abin da na dawo da shi ba addinin tsofaffin ƙauyenmu ba ne. Su dai sun san akwai wata aljana mai dutsen nan, suna tsoronta, suna zuba mata giyar shinkafa da gishiri a gindin tsohon itace kafin a sare shi, shi ke nan. Nawa ya fi wannan ado. Ni cewa nake babu wani Allah a can gefe yana kallonmu. Dutsen shi ne Allah, itacen shi ne Allah, ruwan, tsutsar, ni da kai, duk abu ɗaya ne yake sauya riga. Babu mutuwa, babu asara, komawa ce kawai. In ina faɗar wannan har ni kaina sai tsigar jikina ta tashi.

Mutanen birni suna son irin wannan magana. Kafin ka ce me, sun fara zuwa ƙarshen mako cikin ƙaramar bas, da sababbin takalman hawa dutse, in kai su daji su rungumi itace su rufe ido. Har "Malam" suke ce mini, ni kuma ban taɓa hana su ba.

Iwao bai taɓa yi mini faɗa ba, tsokana dai yake yi. Mutum ne gajere, mai faɗin kafaɗa, kunnensa na hagu ya fara nauyi saboda ƙarar inji. Yakan ce, "Toku, in itacen nan Allah ne, me ya sa kake bin sa da zarto?" Ko kuma in na buge yatsa da guduma, ya ce, "Sannu, Allah ya bugi Allah." In abokan aiki suna zuba giya a gindin itace, shi sai ya ja gefe ya cire hularsa, ya gode wa wanda ya shuka dajin, ya roƙe shi mu sauka lafiya. Kowa ya saba da hakan. Ana yi masa dariya kaɗan, a raba masa shayi.

Ranar, cikin watan goma, baƙi goma sha biyu ne suka zo ganin yadda ake kayar da tsohon sugi. Na tsayar da su a sama, bayan igiya. Na yi musu bayani cewa itacen zai koma inda ya fito, cewa numfashinsa na ƙarshe ba a katse shi da hayaniyar ɗan Adam. Na ce kowa ya yi shiru ya saurara da dukan jikinsa. Wata mata har ta fara hawaye tun ban kunna inji ba.

Na yi yankan, na kashe inji. Dajin ya yi tsit. Na ji kiran ya zo bakina kamar kullum, na kuma duba fuskokin nan goma sha biyu, idanunsu a kaina, sai na ga in na ɓare baki na yi ihu irin na ɗan ƙauye zan ɓata abin da na shirya. Na san Iwao ya sauka wajen mota cin abincin rana, da idona na ga ya tafi. Na haɗiye kiran, na buga ƙarfen da zai tura itacen.

Ashe ya dawo ɗaukar gorar shayinsa da ya manta a ƙasa, bayan wani kututture. Ya ba mu baya, ya sunkuya.

Ba zan faɗi abin da na tarar ba. Kafin motar asibiti ta hawo, ya cika.

Da yamma Baba Kurogi, dattijon ƙungiyarmu ta masu saran itace, ya dafa kafaɗata a farfajiyar asibiti ya ce, "Ka yi kira, ko?"

Na ce, "Kamar kullum, Baba."

Ya gyaɗa kai, don ba wanda zai yi tunanin ɗan mahaifina zai kayar da itace shiru. Baƙin nan kuwa ba su ma san akwai wani kira a duniya ba. Sun koma birni, wasu har sun aiko mini da wasiƙar jaje, suna cewa na yi haƙuri, dutse ne ya karɓi nasa.

Maganar da ƙauye ma ya kama ke nan. Aka tuna cewa da safen ranar Iwao bai zuba giya ba. An manta shekara ashirin da ya yi ba ya zubawa yana sauka lafiya. A wajen wankan jama'a, a shagon awara, magana ɗaya ce: mutumin kirki ne, amma ba a raina mai dutse. Ni kuma ina ji, ina sunkuyar da kai kamar mai baƙin ciki. Baƙin cikin gaskiya ne, amma akwai wani abu a ƙarƙashinsa mai kama da sauƙi, kuma har yau in na tuna da wannan sauƙin sai in ji ba na son ganin fuskata a madubi.

Ƙungiya ta yanke cewa ranar sha biyu ga watan sha biyu za a ɗaura igiyar karan shinkafa a kututturen, kuma matar mamacin ce za ta zuba ƙoƙon farko ta ba da haƙuri a madadin mijinta. In ba haka ba, babu mai sake taka gangaren Kozuru. Yaya ta ce ta gode, amma ba za ta zuba ba.

A ƙauyenmu ba a zagin mutum. Allon sanarwa da ake zagayawa da shi gida-gida ne kawai ya fara tsallake ƙofarta. Kabejin da maƙwabta kan ajiye mata a bakin ƙofa ya daina zuwa. In ta shiga shago sai hira ta mutu. Mace mai shekara hamsin da biyar, wadda aka haifa a nan, ta zama baƙuwa cikin wata guda.

Baba Kurogi ya kira ni ya ce, "Kai ka iya magana, Tokuji. Je ka lallashe ta. Ƙoƙo ɗaya ne fa, ba cewa muka yi ta bar cocinta ba."

Kafin nan na gwada maganina a kaina. Na hau daji ni kaɗai, na zauna a gindin wani sugi, na rufe ido yadda nake koya wa mutane. Na ce wa kaina babu mai kisa, babu wanda aka kashe, duk abu ɗaya ne. Na jira in ji sanyi a raina. Iska ta kaɗa, tsuntsu ya yi kuka, ƙafata ta yi sanyi ta mutu. Ina son in ce wa wani "ka yafe mini", sai na rasa wanda zan faɗa wa. Duk inda na juya, bisa ga koyarwata, ni ne dai a wurin.

Duk da haka na tafi gidan Yaya, da bakina cike da kalmomi.

Na same ta a baranda da hantsi tana feraye 'ya'yan itacen kaki, masu kama da manyan kanya, tana ɗaura su a zare za ta rataye su su bushe. Ta rame. Takalman aikin Iwao suna nan a bakin ƙofa, an wanke su an jera.

"Shigo, Toku. Ka ci abinci?"

"Na ci, Yaya."

"Ƙarya kake. Zauna."

Ta kawo mini shinkafa da miyar miso ta waken soya a kan tsohon teburin da mahaifinmu ya yi da hannunsa. Na ci loma biyu, na ajiye tsinken cin abinci, na fara. Na sassauta murya yadda nake yi wa baƙi. Na ce Iwao bai tafi ko'ina ba, yana cikin iskar nan, yana cikin dajin. Na ce Allahn da take bauta wa da mai dutsen da su Baba Kurogi suke tsoro da itacen da ita kanta duk abu ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta. Saboda haka in ta zuba ƙoƙon, Allah ne yake zuba wa Allah, babu wanda ta saɓa wa.

Ta bar ni na gama tas, ba ta daina feraya ba. Sannan ta ce, "To kira shi ya zo ya ci abinci."

"Wa?"

"Iwao mana. Ka ce yana nan. Na dafa da shi, hannuna bai saba da dafa na mutum ɗaya ba."

Na dubi kwanon da ke gabana, ita kuma ta ci gaba.

"Ni ba dutse na aura ba, Toku. Mutum na aura, mai minshari, mai barin safa a ƙarƙashin tebur. Shi nake so a dawo mini da shi, da sunansa da fuskarsa, kuma wanda ya yi alkawarin zai tashe shi bai ce zai mayar mini da shi iska ba." Ta buga teburin da bayan wuƙa. "Babanmu ne ya yi wannan. Duk kusurwar da ka duba, hannunsa ne. Ka taɓa shigowa ka durƙusa ka ce wa tebur, 'Ina kwana, Baba'?"

"Yaya, ba haka nake nufi ba."

"To yaya kake nufi, Malam?" Yadda ta ja kalmar sai da kunnuwana suka yi zafi. "In itacen Allah ne, Iwao Allah ne, to wa ya danne wa? Kuma wa zan tambaya dalili? Ni kullum da safe faɗa nake da Ubangiji. Ina ce masa me ya sa, me ya sa ba ka riƙe itacen minti ɗaya ba. Ina iya faɗa da shi ne don shi ba ni ba ne, yana da kunne, kuma ya san zafin mutuwa, an taɓa rataye Ɗansa a kan itace. Naka Allahn fa? In na yi masa kuka, shi ne hawayen, shi ne itacen da ya jawo hawayen, ko a jikinsa."

Na ce a hankali, "Ƙoƙo ɗaya ne. Za su bar ki ki huta."

"In na zuba, na ce mijina ya yi laifi da ya gode wa Mahaliccinsa. Ba zan faɗi haka a kansa ba yana kwance ba shi da bakin kare kansa." Ta ajiye wuƙar. Muryarta ta sauya. "Kuma ni na san wanda ya yi laifi."

Na riƙe gefen teburin.

"Ni ce," in ji ta. "Shekara biyu ina ganin kunnen nan nasa yana mutuwa. In na kira shi daga kicin ba ya ji. Na ce ya je a sa masa abin ji, ya ce sai bayan sara, na bar shi. Da na ja shi da ƙarfi na kai shi. Na san ka yi kira, Toku, sau uku, ɗan Baba ne kai. Shi ne bai ji ba." Ta share ido da bayan hannu. "Kai ma na jawo maka. Ka yafe mini, ƙanena, na bar ka da wannan nauyin."

Ta sunkuyar da kanta gare ni har goshinta ya kusa taɓa teburin.

Ina so in ce a nan na faɗi gaskiya. Ban faɗa ba. Na ce, "Haba Yaya, ɗago." Na ƙarasa shinkafata. Da zan tafi ta ba ni kaki shida a zare, na karɓa har da godiya. Na tsaya a bakin gadar ƙauye na yi amai, sannan na tafi gida na rataye su a baranda. Kwana tara suna kallona.

Ranar sha biyu ta zo da sanyi mai shiga ƙashi. Mu goma sha huɗu muka hau gangaren da safe, Baba Kurogi a gaba da kwalbar giya da ƙullin gishiri. Aka zagaye kututturen da sabuwar igiya. Faɗinsa ya kai mutum uku su zauna, sawun zartona yana nan a kansa.

Sai ga Yaya tana hawowa, cikin baƙar rigar da take zuwa coci da ita, tana dogara sandar Iwao. Mutane suka dubi juna. Baba Kurogi ya saki fuska, ya cika ƙoƙo ya miƙa mata da hannu biyu.

"Sannu da zuwa, Yasuno. Kin kyauta."

Ta rusuna masa sosai, amma hannuwanta suna kan sandar. "Baba, ku yi haƙuri, ba zubawa na zo yi ba. Na zo in ga wurin ne, ban taɓa gani ba. Kuma na zo in gaya muku kada ku ɗora wa addu'arsa. Kunnensa ne ya yi nauyi, ni kuma na yi sakaci."

Wani daga baya ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya ce, "Taurin kai dai har a nan."

Baba Kurogi ya juyo gare ni da ƙoƙon a hannu. "Tokuji, kai ne namijin gidan. Zuba a madadinta, mu sauka, sanyi ya yi yawa."

Na karɓa. Abin da sauƙi: in karkata hannu, giya ta zuba, kowa ya koma aikinsa, a ci gaba da ce mini Malam. Yaya kuma ta koma gida da laifin da ba nata ba, ta kwana da shi ta tashi da shi har ta mutu. Na dubi kututturen. Ba shi da laifi, ba shi da baki, inda na tura shi nan ya tafi. A duk dajin nan ranar, abu ɗaya ne aka ba wa baki da aikin yin kira.

Na ajiye ƙoƙon a ƙasa ban zuba ba. Na hau inda na tsaya ranar, na juya fuskata gangare, na cika ƙirjina.

"Gangare, hannun dama, itace zai kwanta!"

Tsuntsaye suka tashi. Wani ya ce, "Kai, lafiyarka?"

"Gangare, hannun dama, itace zai kwanta!"

Na ukun da kuka ya fita, amma ya fita, har dutsen da ke ƙetaren rafi ya maido shi.

Na sauko. Ban iya duban kowa ba, takalmana nake kallo. Na ce, "Wannan ne ban yi ba ranar. Ba mantawa na yi ba. Baƙi ne suke kallona, na ga ihu zai rage mini kwarjini. Baba, ƙarya na yi maka a asibiti. Ba mai dutse ba ce, ba addu'arsa ba ce, ba kunnensa ba ne. Ni ne."

Baba Kurogi ya daɗe yana kallona, sannan ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki ƙoƙon, ya juye giyar cikin kwalba ya toshe. Ya cire hularsa, ya juya ga Yaya, tsoho mai shekara tamanin, ya rusuna mata har sai da aka riƙe shi. Sauran ma suka cire nasu ɗaya bayan ɗaya.

Na durƙusa a gabanta a kan ganyen da ya jiƙe, goshina a ƙasa. Na ce, "Yaya, ki yafe mini." Karo na farko ke nan cikin shekara ashirin da na faɗi wannan kalmar ga wani, na kuma jira amsar da ba ni ke da ikon bayarwa ba.

Ba ta ce ta yafe ba. Daga baya ta faɗa, bayan wata bakwai, a matakalar cocin nan na saman shagon keke inda nake zama a kujerar ƙarshe, amma wannan wani labari ne kuma ni ban cancanci in yi saurin kaiwa gare shi ba. A ranar dai tsayawa ta yi tana duban gangaren, inda gorar shayin ta kasance, tana auna nisan da idonta. Ina jin numfashinta a saman kaina.

Sannan ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai sauke kaya daga ka, "Da wannan muryar, Toku, ko da kunne ɗaya da ya ji ka."